Jar Karsana da Motar da Ba a Gani Ba

Dogon Dutsi, bayan an gama ɗaurin gero.

Zuwa ga ɗana Isufu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata motar Dosso ta sauke ka Yamai da ƙasusuwanka a haɗe, kuma ka sami ɗakin da kawunka ya ce zai nema maka. Allah ya tsare ka daga sharrin birni da na hanya, da na abokin da bai iya komai ba sai sa mutum kashe kuɗi. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Mu nan lafiya lau, ban da ƙafata ta hagu, wadda ita ma lafiyarta ƙalau har ranar da ka tafi.

Ga yadda aka yi. Jajiberin tafiyarka ka zauna gabana ka roƙe ni abu biyu. Ka ce in sa maka albarka ka sa sunanka ga sabuwar motar nan da kamfani ya ce tana tafe a jirgin ruwa, in kuma ba ka jar karsanar gidan nan ka sayar ka cika kuɗin kafin alƙalami. Na ce maka sai da safe. Da safe kuwa na san in na raka ka tasha sai ka sake tambaya, ni ko ba ni da amsar da zan iya ba ka ina kallon idonka. Sai na naɗe ƙafa da tsumma na ce na gurɗe. Ka yi mini sannu ka tafi. To, innarka ba ta san wasa da ciwo ba. Motarku ba ta kai bayan gari ba ta aika aka kirawo Gado maɗori. Na ce masa ai da sauƙi, ya ce duk haka masu targaɗe ke cewa. Ƙarti biyu suka danne ni, ya kama ƙafar Allah mai lafiya ya ja, ya murɗa, har na kira sunan uwata da ta daɗe a ƙasa. Ga ta nan yanzu kamar kabewa, na ɗora ta bisa turmi. Zakara guda kuma na ba shi ladan aiki. Kada ka yi ƙaryar ciwo a gidan da ake ƙaunarka, Isufu. Yarda da kai za a yi, a yi maka magani.

Tunda zama ya kama ni, bari in ba ka amsar da na guje wa. Ka yi haƙuri da rubutuna. Lakwal ɗina, wato boko, aji uku ce, ajin na ukun ma rabinsa bisa itacen kanya na yi shi ina ɓuya wa mushe, malaminmu.

Albarka dai na sa maka. Kada ka ji kunyar masu cewa cinikin biri a sama kake yi. Ubanka ne ya fara wanga ciniki a garin nan, kuma birin ya sauko. Kai ka san motata, a cikinta ka koyi tuƙi, amma lokacin da na saye ta kana Dosso wurin karatu, ba ka ga abin da aka sha ba.

Bayan yaƙin Nasara ya ƙare ina yi wa wani kanti awon gyaɗa a nan. Wata rana Nasaran kantin ya kira ni ya nuna mini takarda mai hoton wata 'yar mota, rufinta na tamfol, idanunta a waje kamar na kwaɗo. Ya ce sabuwa ce, ko can ƙasarsu ba kowa ya taɓa ganinta ba, don manoma aka ƙera ta, ba ta shan mai, ba ta tsoron rairayi. Ya ce kaɗan ake sakowa a jirgi, wanda ya riga sa suna shi ke riga samu, kuɗin da aka rubuta ranar kuma shi ne kuɗinta ko ta yi tsada daga baya. Na juya takardar in ga bayan motar, sai na ga hoton keken ɗinki. Ya yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, don a ce da gangan ne.

Me ya sa ban ce sai na gani ba? Domin a ƙasar nan motar da ake gani, a taɓa, a tuƙa, ita ce wadda wani Nasara ya riga ya sha romonta zai koma gida. Mayaƙi tela irin ta ya saya. Ya zagaya ta, ya harbi tayoyinta, ya sa aka kai shi bakin dutse aka dawo da shi, ya ce ya gwada. Kasuwa biyu ta ci masa, ta uku jakai suka jawo ta daga cikin dallol, kwarin nan mai yashi. Sabuwa kuwa ba ta tsayawa a kanti ta jira ka gama shawara. Kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, na so, likita na so, manyan 'yan kasuwar Yamai na so. Baƙin mutum irina in bai shiga layi tun tana takarda ba, ranar da ta zo ƙafa huɗu sai dai ya ɗaga mata hannu.

Akwai kuma dalilin da ban faɗa wa Nasaran ba. Kuɗi a gidan Ba'are irina gishiri ne a damina. Na tara ɗan abin da na tara, sai ga suna, sai ga biki, sai ga gwaggona ta Lugu ta iso da sandarta ta ce doguwa, aljanar gidanmu, tana son baƙar akuya, kuma ba ramammiya ba. Ban taɓa jin doguwar nan ta nemi abu ba lokacin da aljihuna ke fayau. Da na kai kuɗin kanti aka ba ni shaida, duk wanda ya zo sai in buɗe masa hannu in ce suna cikin teku. Ba wanda ya iya bin su can. Kai ma yanzu albashi za ka fara ɗauka, dangi kuma sun fi kumandan sanin ranar biya. Ka taimaki wanda ya wajaba, amma abin da ka ƙudurta na sana'a ka kai shi inda kunya ba za ta iya ciro shi ba.

Wannan ke nan na abin da na yi daidai. Bai da yawa, shi ya sa na fara da shi.

Wautata ta fari baki ne. Ban isa gida daga kanti ba sai da rabin kasuwa ya ji Arzika ya sayi mota. Takardar hoton nan kuma kullum tana cikin hulata, in an taru sai in ciro. Nasara ya ce mini bayan damina. Ni da jin haka na sa rana da kaina, na gayyaci makaɗa, innarka ta yi tuwo kamar na aure. Aka ci, aka yi kiɗa, aka dubi hanyar Dosso har wuya ya gaji, aka watse. Wata damina ta zo ta wuce. A nan na sami sunan da har yau tsofaffi ke kirana da shi, Mai Mota a Hula. Yara kan biyo ni suna roƙon in ɗan matsa musu su hau. In ka sa suna, ka rufe bakinka. Bayan damina a bakin kamfani ba ya nufin daminar da kake ciki. Ka tambaye su a rubuce, in jirgi ya yi jinkiri har ka gaji, ana mayar maka da kuɗinka ko kuwa sun zama sadaka.

Ta biyu ta fi ta farin kyan gani. Na ce motar mutum ba ta kwana waje kamar akuyar maraya. Na sa aka fasa ƙofar zauren da ubana ya gina, aka faɗaɗa ta. Awon ma a hoto na yi shi: akwai wani Nasara tsaye jikin motar, na ƙiyasta tsawonsa da na Nasaran kantinmu, na auna da kara. Innarka ta tsaya tana kallon magina, ta ce mini, "Malam, ƙohwa kam ta yi. To, ta ina za ta biyo ta iso ƙohwar?" Na ce mata harkar mota ba ta mata ba ce. Ka san lungunmu. Jaki da mangala sai ya karkata yake wucewa. Duk shekarun da motar nan ta yi a duniya ba ta taɓa ganin zauren nan ba, gindin gawon bakin kasuwa ta yi ta kwana. Zauren kuwa ruwan farko ya kwashe masa kafaɗa, shi ya sa ka dawo daga Dosso ka same shi a karkace kamar mai jin gulma. Kai hanyar Dosso zuwa nan kake so ka riƙa bi da fasinja. Ka san ramukanta, ka san yashin da ke bayan gari. Tun da ba ka ga motar ba, hanyar ka gan ta. Ka je wurin makanikai na garejin gwamnati, ka kai musu goro, ka tambaye su tsayin cikinta daga ƙasa, da ko kayan gyaranta za su zo tare da ita. In kuma mace ta yi maka tambayar da ta ba ka haushi, ka tsaya, galibi nan ramin yake.

Yanzu sai maganar karsana. Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman ƙofar rumbu, to ga ta.

Ka tuna Sambo, Bafillacen nan dogo da kan kawo mana nono kana ƙarami, mai ruga a hanyar Dogon Kiriya? Tare muka tashi. Ubansa kan sauka gonar ubana da rani, shanu su ci kara su bar mana taki. Ka san tsakanin Ba'are da Bafillace ba a gaisuwa sai da zagi, wasa ne tun na kakanni. Shi bai taɓa kirana da sunana ba. Bawana yake ce mini, ko mai fuskar da kyanwa ta yakushe, saboda zanen gidanmu. Ni kuma in ce masa ƙafar kara, wanda sandarsa ta fi shi nauyi. In ya shigo kasuwa tun daga nesa yake fara mini, mutane su bar ciniki su saurara. Zancen motar nan kuwa ya ba shi abinci. Ya kan ɗage hulata ya leƙa ya ce wai yana duba ko ta haihu.

Shekarar da fari ya cinye mana gero, kafin zancen mota, Sambo ya jawo wata jar saniya har cikin gidan nan ya ɗaura. Haɓɓanaye suke ce wa abin. Mutum ya ba amininsa saniya, ya sha nononta, 'ya'yan da ta haifa a hannunsa nasa ne, in ta yi haihuwar da aka yi alkawari sai ya mayar da uwar ga mai ita. Ba shaida, ba takarda. Ba kuma kowace saniya ake bayarwa ba. Wannan daga garken ubansa ta fito, ya san uwarta, ya san kakarta, yana lissafa su kamar yadda maroƙi ke lissafa sarakuna. Da zai tafi ya ce ya kawo ta ne don kada bawansa ya mutu ya bar shi ba mai ɗaukar masa kaya. Nononta ƙannenka suka sha suka rayu.

Sai ga waya daga Yamai, mota ta iso. Na tafi da babbar riga. A can magatakardan kamfani ya buɗe mini wata takarda ya ce kuɗin da na biya na motar ne tana bakin teku a Kwatano. Jirgin ƙasa da ya ɗauko ta, da wanda ya tuƙo ta, da ketare kogi, da kwastan, duk suna kaina. Na ce ba a faɗa mini ba. Ya nuna mini wani ƙaramin rubutu can ƙasa, irin wanda aka koyar a rabin ajin da na yi bisa kanya. Ya ce in ban cika ba kafin ƙarshen wata, akwai mai jira a bayana. Wannan ita ce tambayar da za ka fara yi musu, Isufu: kuɗin nan na mota a ina? A teku, ko a gabana? Ka sa su karanta maka ƙaramin rubutun da ƙarfi, kai da ka yi lakwal har ƙarshe ma ka sake karantawa.

Na dawo gida ina lissafi. Gyaɗa ba ta shigo ba. Na sayar da doki, bai kai ba. Na tuna makaɗan nan, na tuna Mai Mota a Hula, na ce in motar nan ta kuɓuce mini sai dai in bar gari. Jar saniya tana tsaye a turke da 'yar maraƙarta, haihuwarta ta fari ke nan a hannuna. Na ce wa raina aro ne zan yi, mota na fara aiki in fanso ta. Ranar kasuwa na ba dillali ita. Kafin la'asar mahautan tsallaken iyaka, na ƙasar Ingilishi, sun kora ta kudu. Innarka ta ɗauke ƙwaryar tatsa ta kife bisa rumbu.

Motar ta zo, ba ja ba kamar ta hoto, toka-toka ce kalar jaki, wai duk haka aka yi su. Amma Nasara bai yi ƙarya ba. In ta kafe a yashi mutum huɗu sun ɗaga ta. Na cire kujerar baya, na ɗauki direba, muna kai 'yan koli da masu goro Dumega da Matankari, mu dawo kafin masu raƙuma su yi rabin hanya. Kafin wani ya sami irinta a ƙasar nan, duk fataken sun saba da ni. Mata nawa ta kai gidan likita suna naƙuda, yaran suna nan suna yawo. Ta biya kuɗinta, ta yi mana rufin kwano, ta mutu da mutuncinta, yanzu kaji na ƙwai a cikinta. Ban taɓa nadamar sayenta ba.

Sati bai cika ba da zuwanta Sambo ya shigo kasuwa. Ina gindin gawo ina goge ta da hannun riga, na hango shi, na gyara tsayuwa ina jiran ya ce bawansa ya sayi jakin ƙarfe. Har na tanadi amsa. Ya iso ya tsaya, ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya ce, "Salamu alaikum, Malam Arzika. An zo lahiya? Allah shi sa albarka, shi tsare hanya." Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya yi sallama ya wuce. Ashe ranar da aka kora ta kudu yana bakin rijiyar da suka shayar, ya gane ta tun daga nesa, ita ma ta gane shi.

Tun ranar bai sake zagina ba. Bai tambaye ni saniya ba, bai kai ƙara ba, bai faɗa wa kowa ba. In mun gamu sai ya gaishe ni kamar yadda ake gaida alƙali. Na sha tsokanarsa, in ce ƙafar kara an shigo gari, sai ya yi murmushi ya ce, "Na'am, Malam." An ɗaure ni a gidan sarki sau ɗaya kan haraji, bai yi mini zafin wannan na'am ɗin ba.

Za ka ce me ya hana ni sayen wata in kai masa lokacin da mota ke kawo kuɗi. Na yi niyya. Wani tsohon Bafillace ya ce mini kada in soma, saniyar kasuwa ba ta maye ta gado, kamar ka ɓatar da ɗan mutum ne ka kawo masa wani yaro ka ce ai tsawonsu ɗaya. Sai dai jininta. Maraƙar da ta bari ta girma, ita ke ba gidan nono, na ce sai ta haifi mace in kai masa, sai ta fara da namiji. Na ji daɗi a ɓoye, Allah ya gafarta mini, don ya ƙara mini lokaci. Sannan ta haifi wagga jar karsana, kamar an tsaga kara da kakarta, har farin da ke goshi. Tun bara ta isa tafiya. Ni ne ban isa ba. Kullum sai in ce bari a gama shuka, bari a gama girbi. Da ka zauna gabana ka ce in ba ka ita ka cika kuɗin mota, sai na ji kamar muryata ce ta dawo daga Yamai da babbar riga.

Don haka karsana ba tawa ba ce balle in ba ka. Ka sayi abin da ba ka gani ba, wannan kasada ce, kuma namiji ba ya arziki sai da ita. Amma ka yi kasadar da abinka. Kada ka taɓa ajiyar wani, ko kuɗin adashin abokan aiki, ko awakin innarka, kana cewa aro ne. Duk wanda ya ci amana da aro ya fara kiranta.

Ga abin da ke nawa. Gyaɗar bana ta yi kyau, na ce wa ƙaninka ya ware ta gonar fadama, in an yi awo kuɗin naka ne. Kekena ma ka sa a sayar, da ƙafar nan ba inda za ni da shi. In sun cika, ka sa sunanka da bismilla. In ba su cika ba, ka bar wanga jirgi ya wuce. Teku ba ta ƙafe ba, wani na tafe, kuma ba wanda ya san ka yi niyya balle ya yi maka waƙa.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya haɗa ka da shugaba mai adalci da maƙwabci mai kunya. Allah ya raba ka da haɗarin hanya, da tuƙin gajiya, da gaggawar fasinja. Ka riƙe salla, ka riƙa aiko wa innarka ko da gaisuwa ce, ka gaida kawunka da iyalinsa. Allah ya sa in ga ranar da za ka tsaya da motarka a gindin gawon nan, ko wace kala aka ba ka.

Ni kuwa da zarar ƙafar nan ta taka ƙasa zan kama igiya in nufi hanyar Dogon Kiriya, a ƙasa, ba zan aiki kowa ba. An ce Sambo ya tsufa, idonsa ya fara hazo, amma hannunsa zai gane ta. Karsana ba ta dame ni ba, tana da ƙafafunta. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tsaya gabansa in ce, Sambo, ni na sayar da ita. Shi nake ta maimaitawa a nan bisa tabarma, har innarka ta fara zaton zazzaɓi ne, tana zancen kiran wani mai magani. In na faɗa ya ce na gode Malam, to da saura, sai in dawo in ci gaba da ɗaukar laifina. Ka taya ni addu'a ya dube ni ya ce bawan banza, sai yanzu.

Ubanka,
Arzika Mai Mota a Hula